Fikof Na Tsakiya A Jitar Kawu

Jiya na wuce gaban shagon wani mai gyaran rediyo, warin narkakkiyar dalma ya bugi hancina, sai na tsinci kaina a ƙofar ɗakin Kawu ina shekara goma sha huɗu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya zo Abuja a shekarun da mulki ya koma hannun farar hula, otal-otal suna ta tsirowa, kowanne yana neman makaɗa. Ba abin da ya zo da shi sai jitar lantarki da jaka ɗaya. Baba ma'aikacin gwamnati ne, kuma ba ya ƙaunar a ce surukinsa makaɗi ne. Ya ba shi ɗakin baya, ya kuma yanka masa wa'adi: in damina ta wuce bai samu aiki da jitar ba, zai tafi Zuba ya kama aiki wajen wani dillalin kayan marmari.

Ni ba na yawan magana, shi ya sa ɗakin ya yi mini daɗi. Ruwa yana dukan kwano, ni ina kan tabarma da littafina, shi yana fama da jita. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wasu abubuwa uku da yake kira fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, su ke ɗaukar sauti su kai sifika. Na kusa da wuya ya fi ƙara, don a nan tsirkiya ta fi lilo, sai ya sassauta sukurunsa ya yi ƙasa. Na can gindi muryarsa siririya ce, sai ya ɗago shi. Da tsinken ashana yake auna tazarar. Ya kaɗa, ya karkata kai, ya juya sukundireba rabin juyi, ya sake kaɗawa. Yini guda yakan tafi a haka.

"Farfesa, wanne ya danne wani?" Haka yake tambayata. In na nuna daidai, ya yi dariya ya ce kunnena ya fi na Baba.

Da damina ta zo ƙarshe aka kira shi gwaji a wani sabon otal, ranar Asabar da la'asar. Ran Alhamis ya gama daidaita su ukun, ya mayar da amfilifaya, na'urar ƙara sautin da ya aro wajen abokinsa a Mpape, daga nan ba abin gwada jitar a gida. Ran Juma'a zai tafi masallaci ya ce in goge cikin jitar in ɗaure murfin.

Ina da ɗan kamfas na makaranta, mai allurar nuna arewa. Na ɗora shi a kan fikof na farko, allura ta nuna gefe guda. Na uku ma haka. Na tsakiya kuwa sai ta juya baya. Na duba da kyau, har naɗin wayarsa ta hagu ya bi. Na ce a raina kamfani ya yi kuskure, Kawu bai lura ba. Kunya ba ta barina in tambayi babba, ga shi ina son in yi masa abin da zai yaba. Na jona ƙarfen dalma, na cire wayoyinsa biyu na musanya su, na ɗaure murfi, na goge har yana ƙyalli.

Sai da na girma na san da gangan ake yin na tsakiya a juye. In aka haɗa shi da ɗan uwansa, juyin nan ne ke kashe gunjin lantarki ya bar kiɗa tsantsa. A wannan haɗin Kawu yake kiɗansa duka. Da na musanya wayoyin, biyun suka koma cinye muryar juna.

Ran Asabar bai kai magariba ba ya dawo. Daga kicin na ji yana gaya wa Mama cewa sautin ya fito kamar kukan sauro, gunjin janareta ya rufe shi, ya ƙure ƙara abin ya ƙi. Shugaban makaɗan bai bar shi ya kai minti biyu ba. "Oga, jitarka ba ta da lafiya. Na gaba!" Mutum tara ne a layi.

Na ci gaba da wanke kwano ɗaya har Mama ta karɓe shi. Bayan mako guda ya tafi Zuba.

Shekara goma sha biyu na riƙe maganar. Ranar da na je na same shi a kan buhunan lemo, yatsunsa sun yi kanta sun tsattsage, na faɗa masa komai ina kallon ƙasa.

"Ai na sani, Farfesa. Ina dawowa na buɗe ta. Ni dalmata ba ta taɓa yin kyau haka ba."

Na ce me ya hana shi magana.

"In ce wa? Babanki? Ya dake ki, kuma otal ɗin ba za su sake kirana ba." Ya ɓare lemo ya miƙo mini, aka kira shi lodi ya tashi.

Yanzu otal-otal ɗin sun ninka, amma da wuya ka ga mai jita a cikinsu, yaro ɗaya da kwamfuta ya wadatar. Kawu yana Zuba har yau, gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala. Duk Sallah yakan zo gidanmu da kwandon ayaba. Baba ya tsufa, kuma bai gaji da nuna shi ga baƙi ba, yana cewa, "Wannan ni na raba shi da kiɗa, da yanzu ya lalace." Kawu ya ce, "Haka ne, Yaya, Allah Ya saka da alheri." Ni ce ke zuba musu shayi.