Sandar da Sale Ya Shafa wa Mai

Makka

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gida, wasiƙar ƙanena Sale tana aljihu. Ni kafinta ne. Shi kuwa aikatau yake yi a Jidda, gidan wani attajiri mai teburin biliyad, wasan nan da ake tunkuɗa ƙwallaye da doguwar sanda. Maigidan ya yi tafiya, Sale ya ga tsohuwar sandar Ingila da mutumin ya gada wurin ubansa ta yi furu-furu, sai ya yi mata gatan sandar kiwo irin na garinmu: ya lafta mata man shanu, ya shanya a rana. Ta lanƙwashe. Maigidan shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa wurin hukuma, ran nan zai dawo da la'asar, iƙamar Sale kuma, takardar izinin zamansa, saura mako guda ta mutu. In ya ƙi sa hannu, sai jirgin gida.

Bahra

Motar haya riyal uku. Shida da rabi muka tsaya a Bahra, wajen rabin hanya, askarin da ke tsaron shinge ya daɗe yana juya takarduna kafin ya ce, "Yalla." Na sayi ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa.

Bab Makka

Takwas da kwata na iske Sale a tashar Bab Makka ta Jidda, idanu jajir, ya naɗo lanƙwasasshiyar a zane. Ya ja ni shagon Am Bakur, dillalin tsofaffin kaya, Bahaushe haifaffen Jidda, wanda ke da wata mai kama da ita.

"Asli ce wallahi, ya shaihu," in ji Bakur. "Daga jirgin Ingilishi ta fito. Riyal ɗari biyu, halas, ba ragi."

Na mirgina ta Bakur a kan gilashin kantar shagon, ta tafi sambal. Na auna su a hannu, nauyi ɗaya. Sale ya fara hamdala, na ce ya dakata. Na fita da su rana. Gindin ta maigida baƙin itace ne irin zuciyar kanya, an dasa shi harshe huɗu cikin farin, jijiyar kowane ta tsaya a mahaɗa. Ta Bakur kuwa jijiyar farin ta zarce ta ƙarƙashin baƙin. Na sa farce a gindi na kankara, fenti ya biyo ni.

"Yaya, mu saya hakanan," Sale ya raɗa mini. "Wa zai kai ta rana?"

Wallahi sai da zuciyata ta yi rawa, don tausayinsa ya kama ni. Amma mutumin da ya shekara talatin yana riƙe abu, tafin hannunsa ma ido ne. Na miƙa wa Bakur kayansa, ya bi mu da Larabcin da ban so in fassara.

Bagdadiyya

Huɗu da minti goma maigidan ya iso gidansa a unguwar Bagdadiyya. Na kwance zanen, na faɗi gaskiya tun daga man shanu har fentin Bakur. Ya mirgina sandar a teburinsa, tana tafe tana ɗingishi. Ya sunsuna ta. Sale na tsaye jikin bango.

"Tana miƙewa?" ya tambaye ni.

"A garinmu, ranka ya daɗe, da turiri da nauyi muke miƙe gorar mashi. Sai dai ba aikin mako guda ba ne."

Ya sake mirgina sandar. Sannan ya ce, "Da ta Bakur kuka kawo, da Sale ya kwana a tashar jirgi. Zan sa hannu. In ba ta miƙe ba, na soke."

Gida

Tara saura kwata na dare na shiga Makka da sandar a cinya. Na turara ta a bakin tukunya, na rataye a azara da dutsen niƙa ɗaure a gindi. Kwana ashirin da shida ina saukewa ina mirginawa, ran na ashirin da bakwai ta tafi ba ɗingishi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma rufa mana asiri. Sale ya ƙara shekara tara a gidan, kuma ko kaushin ƙafarsa sai ya tambaya kafin ya shafa masa mai.