Tsayin Famfo

Matso ka zauna, in ba ka labarin wani injiniya a ofishin ruwa.

Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, fensir maƙale a kunne. A gabansa akwai zanen matatar ruwan da za a gina wa wani ƙauye, ga kwalbar ruwan tafkinsu a gefe, jawur kamar an dama ƙasa. Ya gama da tankuna da bututu, tsayin famfo kaɗai ya hana shi sakat. Can sai ya miƙe, ya sauke tafin hannunsa daidai cinya, kamar mai dafa kan yaro, ya auna zuwa ƙasa.

Abokin aikinsa ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, famfon awaki za mu yi? Ai sai babba ya durƙusa."

"Ya durƙusa mana," in ji injiniyan. "Yaron da hannunsa bai kai famfo ba, tafki zai koma."

Hannun nasa kuma yana nan, yana shafa kan da babu shi, kan da ya saba shafawa a gidansa kafin ruwan tafki ya raba su. To kai mai sauraro, tsayin wa kake jin yake aunawa?