Koriyar Baba da Na Shafa wa Farin Fenti

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin mai suka fara kwarara har mu na Faskari muka ji ƙamshinsu, ni saurayi ne wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Masu ganina yanzu da furfura suna cewa Alhaji akwai haƙuri, dariya kawai nake yi a raina. Na koyi ɗinki wata huɗu na bari. Na zauna wurin mai gyaran rediyo, na ƙona biyu na gudu. Na yi tallan yadi a kan keke, ƙarshe keken ma na sayar. In mata suka tambayi mahaifiyata sana'ar ɗanta, sai ta ce, "Yana nan dai," ta canja magana. Abu ɗaya na riƙe, shi ne tuƙi, wanda na koya wurin wani ɗan kwangila mai kwasar yashi. Shi ma ina jin don mota ba ta zama wuri ɗaya ne.

A zamanin akori-kura ce motar kowa a yankinmu. Buɗaɗɗen baya, a loda buhuna, mutane su hau kan buhunan, awaki a tsakiya. Shekara da shekaru 'yar Faransa muka sani. Sai ga 'yar Japan ta shigo, fara sol, ba ta shan mai. Ma'aikata sun sami ƙarin albashi, 'yan kwangila sun sami aiki, kusan kowane wata sai ka ga sabuwa a tashar Ƙanƙara da leda a kujerarta. Masu mota suka rabu gida biyu. Waɗannan su ce 'yar Faransa ce mai ƙashi, ko a ƙauye ta tsaya akwai bakaniken da ya san cikinta. Waɗancan su ce zamaninta ya wuce. Ni da ko taya ba ni da ita, na fi kowa ɗaga murya a teburin mai shayi, yau ina wannan ɓangare gobe ina wancan.

Amma akwai mota ɗaya da ba a musu a kanta. Ta wani tsohon direba ce a Sabuwa, kowa Baba yake ce mashi. Tsohuwar 'yar Faransa ce, koriya, ƙofar direba a lotse. Duk ranar kasuwar Ƙanƙara takan taso daga Sabuwa ta biyo ta Faskari a hanyar burji, kuma ba ta isa sai ta cika har tana nishi. Shaidar da ake yi mata ɗaya ce: ba ta taɓa kwana a hanya ba. Da idon Baba ya fara rauni 'ya'yansa suka hana shi tuƙi, sai na ji za a sayar da ita.

Kwana uku ban bar mahaifiyata ta sha ruwa da daɗi ba. Tana da shanu huɗu na gadon mahaifinta, suna wurin Fulani, su ne duk abin da ta mallaka. A rana ta uku ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni.

"Na ji. A sayar da su. Amma ka saurare ni da kyau. In wannan ma ka taɓa ka bari, kada ka ƙara zuwa mani da wata magana, ko ta aure ce."

Na yi rantsuwa har ta ce ya isa.

Ranar da na shigo da koriya Faskari, wani abokina ya zagaya ta sau biyu yana taɓe baki. Shi ɗan gaye ne, mai wando buje, kuma kullum ina jin maganarsa fiye da kima.

"Motar lafiya lau," in ji shi, "amma wa zai hau wanga tsohon kwano ana zamanin farar mota? Kai saurayi ne. Ka sabunta ta mana."

Kwana takwas ke nan da sayenta na kai ta wurin mai fenti. Aka buge lotsewar ƙofa, aka feshe ta fara fat, har na sa aka canja mata ham, aka sa mai kuka irin na zamani. Da na fito da ita, wallahi ji na yi kamar ni na ƙera ta.

Ranar kasuwa na yi sammako zuwa Sabuwa. A tasha na sami mutum uku da buhu biyu. Na ce ba komai, a hanya ake cika, haka na ji ana cewa Baba na yi. Na taka totur. Ina ganin mutane a gindin itatuwa da kayansu, in danna ham, su bi ni da ido, babu mai ɗaga hannu. Ni kuma ba na tsayawa inda ba a tsai da ni ba, ina sauri in riga 'yan Japan isa. Na shiga Ƙanƙara bodi na ƙara kamar gwangwani.

Kasuwa ta biyu haka. Ta uku haka. Na kasa zaune na kasa tsaye. In buɗe gaban mota in rufe, in duba taya, in koma teburin mai shayi in ji masu 'yar Japan suna cika baki, in dawo in harari tawa. Na fara cewa ai gaskiyarsu ce, zamanin 'yar Faransa ya wuce, an cuce ni da tsohuwar mota. Abokina ya ce akwai wani dillali a Ƙanƙara da zai karɓe ta ya haɗa ni da 'yar Japan ta hannu. Na ce ranar kasuwa mai zuwa zan gan shi. Da na shiga gida mahaifiyata ta miƙo mani tuwo, sai na kasa haɗa ido da ita, don na san abin da na ƙulla.

A kasuwa ta huɗu, wadda na yi niyyar ta zama ta ƙarshe, na tsaya kusa da mararrabar Pauwa don in ƙara ruwa a mota. Wata tsohuwa na zaune a gindin tsamiya da ƙwaryar daddawa da kaji biyu a ɗaure.

Na ce, "Iya, Ƙanƙara za ki? Taso mu tafi, ga wuri har gaba."

Ta ce, "A'a ɗan nan, yi tafiyarka. Koriya nike jira."

"Iya, ai wannan ita ce koriyar."

Ta dube ni ta dubi motar. "Na tsufa, amma idona bai mutu ba. Wannan irin fararen nan ce masu wucewa kamar an koro su. Koriya ba a tsai da ta. Ita ke tsayawa da kanta, ta yi kuka biyu, ta jira mutum. Kasuwa huɗu ke nan ba ta zo ba. Ko ka san lafiyar Baba?"

Na zaro makulli na kankare fentin ƙofa kaɗan, kore ya leƙo daga ƙasa. Ta taso ta sunkuya ta duba, ta shafa da yatsa.

"Ikon Allah. Wa ya yi mata wannan aika-aika?"

Na ce, "Wani ne."

"To, Allah ya shirye shi." Ta koma ta zauna. Na yi magiya har na gaji, ta ce ita dai sai ta ga Baba, ba ta hawa motar da ba ta san hannun mai ita ba. Haka na bar ta a gindin tsamiyar da kajinta. Ban je wurin dillali ba. Na juya mota na koma gida ina jin kunya kamar in nutse.

Na kwashe labari duka na faɗa wa mahaifiyata, har da na dillalin. Ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Ashe shanuna ka shafa wa fenti." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Sannan ta ce, "Ba ni za ka yi wa wanga bayani ba. Tashi ka tafi Sabuwa."

Na sami Baba a zaure yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce gobe-goben nan zan mai da ta koriya, har lotsewar ƙofar zan sa a mayar in ya ce a mayar. Ya yi dariya har da tari.

"Kai dai komai naka gobe-goben nan ne. Bar ta yadda take. Ranar kasuwa ka zo ka ɗauke ni."

Abu ɗaya ya sa na yi, na je na karɓo tsohon ham ɗin wurin mai fenti na mayar.

Ranar ya zauna gaba, ya fitar da gwiwar hannunsa ta taga. Ba mu yi nisa da Sabuwa ba ya ce, "Tsaya gindin ƙiryar can. Danna biyu. Kashe ta."

Na duba gabas na duba yamma. "Baba, ai ba kowa."

"Akwai. Mai gidan can ƙafarsa ke ciwo, yanzu shike neman sandarsa."

Na zauna ƙafata na rawa a kan totur. Wata 'yar Japan ta wuce mu ta bule mu da ƙura, na ji kamar in yi tsalle in bi ta da gudu. Ina shirin magana sai ga dattijo ya ɓullo ta cikin dawa yana ɗingishi, bayansa mata biyu da tukwane. Suka yi turus da ganin farar mota, sai suka hangi hannun Baba.

Baba ya ce masu, "Ku taho, koriya ce, wanka ta yi. Wannan ɗana ne, shi zai riƙa zuwa."

Haka muka yi ta yi. Bakin rafi, kusa da wata rijiya, unguwar Maguzawa inda aka fito da buhunan dawa, wurare sun fi goma, kuma babu ɗaya da ke da alamar tasha. Ko'ina maganar Baba ɗaya ce. Ko'ina ni kuma ina cizon leɓe ina duban rana. Kafin mu wuce Faskari mota ta fara nishin da na san ta da shi. A mararrabar Pauwa tsohuwar nan na nan. Suka gaisa da Baba kamar ba za su gama ba, aka ɗora mata ƙwarya, sannan ta leƙo ta tagata.

"Kai ne wanin da ya yi mata fentin, ko?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

"Na sani tun ranar."

Kasuwa uku Baba ya raka ni. A ta huɗu na tsaya gindin ƙirya ni kaɗai, na danna biyu, na kashe mota, na riƙe gwiwata da hannu don ta daina rawa. Ban taɓa jin jira mai tsawon wannan ba. Amma dattijon ya fito.

Shekara tara na yi da motar nan a wannan hanya. A ƙarshe 'yar Japan ce ta cinye kasuwa, ni ma daga baya ita na saya, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Musun teburin mai shayi dai har yau ban san wa ya yi nasara ba. Abin da na sani, sunan da na saya da shanun mahaifiyata ba a jikin ƙarfen yake ba, yana gindin itatuwan da Baba ya yi shekaru yana tsayawa, kuma saura ƙiris in watsar da shi cikin wata ɗaya. Halina bai canja duka ba. Har gobe in ina jiran mutum ƙafata rawa take yi, jikokina har kwaikwayona suke yi.

A shekara ta biyu na ɗaure wa mahaifiyata karsana biyu a ƙofar ɗakinta. Ta buɗe bakinsu ta duba haƙora, ta koma ciki. Na ɗan ji haushi. Sai bayan kwanaki, ina wanke mota a ƙofar gida, na jiyo wata baƙuwa a tsakar gida tana tambayarta sana'ar ɗanta. Na tsaya da soso a hannu ina jiran in ji "yana nan dai".

Ta ce, "Ba ki san shi ba? Ai shi ne mai koriya."

Motar tana gabana fara fat, ruwa na ɗiga daga jikinta. Na juya baya don kada masu wucewa su ga idona.