Fitilar da na ɓoye a gindin geza

Wata ranar Alhamis ce cikin rani, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, albasa ta fara kai a garake, lambunan rani na fadamar Badaguishiri. Da hantsi Inna ta aza mini ƙwaryar fura a kai, ta miƙo mini fitilar ƙwai ta Baba, ta ce in kai masa bakin rijiyar da suke yasa a garkar wani mutum. Baba mahaƙin rijiya ne, shi da ƙanensa Baffa Idi suke aiki. Wanke ƙwan fitilar nan da toka, gyara lagwani da zuba kananzir duk aikina ne, kamar yadda surfe da ɗiban ruwa suke aikin yayyena.

Ba don haske Baba yake ɗaukar fitila da rana tsaka ba. Kafin kowa ya sauka rijiya, sai ya kunna ta, ya ɗaura mata igiya, ya zura ta a hankali har kusa da ruwa, yana leƙe. In wutar ta tsaya, ya yi bismilla su shiga. In ta yi ja ta mutu, to babu mai sauka. Sai a saro rassan dogon yaro a ɗaure, a yi ta zura su ana jawowa har iskar ƙasa ta sauya, a sake gwadawa. Masu garka sukan yi masa dariya, suna cewa ya cika tsoro. Shi dai abin da yake cewa ɗaya ne: "In wuta ba ta sha iska ba, ni ma ba ni sha."

A hanya na tarar da ƙawayena suna 'yar gala-gala a inuwar bangon lakwal. Na sauke fura, na ajiye fitila, na ce sau ɗaya kawai zan yi. Ina cikin tsalle da ƙafa ɗaya na yi baya na shure ta. Ƙwan ya tarwatse, kananzir ya tsiyaye cikin rairayi. Tsoro ya kama ni, na tura ta gindin wata geza, na rufe da ganye. Da na isa garka Baba ya dube ni ya ce, "Rabi, ina fitila?" Na sunkuyar da kai na ce na manta ta a gida. Bai yi faɗa ba, ya ce in ruga in ɗauko, suna jira na, ya koma wajen kwaɓin siminti.

To me zan ɗauko? Na laɓe bayan wata danga, ina tsinkar ciyawa, ina addu'ar Allah Ya sa su fasa aikin yau. Ban san cewa tun da safe mai garkar ya zura injin jan ruwa cikin rijiyar don ya rage musu ruwa ba, hayaƙinsa kuwa ya kwanta a ƙasa. Rana ta yi ta hawa. Baffa Idi, mutum mai fara'a da gaggawa, ya gaji da jira. Ya ɗaura igiya a ƙugu kamar yadda Baba ya saba masa, ya ba maza biyu su riƙe, ya sauka.

Ihu na fara ji, da salati. Na taso a guje, na tarar mai garka ya tuɓe riga zai faɗa rijiya. Baba ya cafke shi ya wurgar gefe. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. "Babu mai shiga! Ku ja igiya!" Suka ja, suka ja, har Baffa ya fito kansa na lilo, leɓɓansa sun sauya launi. Aka shimfiɗe shi a kan buhun albasa ana yi masa fifita, aka aza shi a amalanken jaki zuwa wurin likita.

Ya rayu, alhamdulillahi. Amma maganarsa ta yi nauyi, hannunsa na dama ya riƙa rawa, bai sake riƙe diga ba har Allah Ya karɓi ransa. A ranar da abin ya faru, bayan la'asar na kai Baba gindin gezar, na tone fitilar ina kuka. Ya juya ta a hannu, sannan ya ce, "Ɗiyata, ai akwai fitila a bukkar mai gadi. Da kin faɗa, da aro kawai za mu yi." Bai doke ni ba. Na so a ce ya doke ni.

Yanzu ɗana na fari yana aikin gine-gine a wajen Malbaza. Yana da hular kwano, da takalma masu ƙarfe a baki, da ɗamarar da ake maƙalawa in za a hau sama, kuma duk zuwansa sai na tambaye shi ko yana sa su ranar da shugabansu ba ya nan. Fitilar ƙwai kuwa ta ɓace daga gidajenmu, kowa sai mai batir. Bara na ga wasu samari a bakin rijiyar maƙwabta suna haska ciki da wayar salula kafin su sauka, na bar tulu na je na roƙe su su kunna ko tsumma ne su gwada. Suka yi dariya, suka ce, "Inna, ai muna gani har ƙasa." Na tsaya nan riƙe da bakin igiyarsu har suka fito. Hasken yanzu ba ya mutuwa a mugunyar iska, shi ya sa ba ya yi wa kowa gargaɗi.