Boniface Mai Faifai da Kalangun Sammani

A Sabon Gari aka haifi Boniface Okwuosa, ubansa ma'aikacin reluwe ne. Yana ɗan shekara goma sha tara rikici ya kore su zuwa Gabas. Bayan yaƙin basasa ya dawo shi kaɗai da jakar kayan gyaran rediyo, Hausa a bakinsa kamar bai taɓa barin Kano ba. Ya kama ɗan shago kusa da kasuwa, yana gyara yana sayar da faifan garmaho. Abin da aka san shi da shi, ba ya ɗora faifai sai ya karance bayan kwalinsa tas: wa ya kaɗa jita, wa ya buga ganga, a wane gari aka ɗauka. Matarsa Philomena takan ce da haka yake karatun littafin coci, da tuni ya zama fada.

Gwaninsa shi ne Augustine Obidike, mawaƙin rok daga Gabas, mai murya kamar ana yaga yadi. Faifai huɗu ya fitar kafin ya tafi Turai aka daina jin ɗuriyarsa. Boniface ya san makaɗan kowane faifai da sunayensu, har mai jitar da ya yi fushi ya fice bayan na biyu. A faifai na uku ne waƙar da ta fi farin jini take, wadda a tsakiyarta jita kan yi tsit, sai kalangu ya shigo. A bayan kwalin an rubuta Sammani, Kano. Ba sunan uba, ba unguwa.

Shekara biyar abin yana cin sa. Ya je kwata ya tambayi mahauta, tun da kalangu kiɗansu ne. Aka nuna masa Sammani har biyu, dukansu suka ce ba su san zancen ba.

A 1979, da soja suka shirya miƙa mulki, kasuwar Boniface ta buɗe, don kowace jam'iyya tana son lasifika a kan mota. Wata Asabar da la'asar aka kira shi Rijiyar Lemo, lasifikar taro ta ɗauke. Yana tsugune yana haɗa waya, makaɗa suka fara kiɗa don kada jama'a su watse. Sai ya ji wani salo da kunnensa ya haddace, bugu uku a jere, sannan a matse kalangun ya yi ƙara siririya. Ya ajiye wayar ya miƙe. Wani dattijo ne gajere, hularsa ta karkace.

Da aka tashi, ya gaishe shi ya tambayi sunansa. Sammani ne. Ya ce ya daɗe da barin kwata, shi ya sa aka manta da shi. Da ƙyar ya tuna wasu samarin Ibo masu tulin suma da suka ji shi a tashar jirgin ƙasa yana yi wa wani mahauci rakiya. Sun kai shi wani otal, sun sa shi kiɗa a gaban wata na'ura, sun sallame shi. Shi dai bai sake jin labarinsu ba, bai kuma san muryar kalangunsa ta kai Legas ba.

Kashegari Sammani ya zo shagon da babbar rigarsa. Boniface ya goge faifan ya ɗora. Dattijon ya kasa kunne har jita ta tsaya, kalangu ya shigo. Ya ce a maimaita. Bayan na uku ya tambayi abin da yaron mai waƙar yake faɗa da Turanci, Boniface ya gaya masa kukan budurwar da ta guje shi yake yi. Sammani ya yi dariya har da hawaye.

"Allah sarki. Ni kuwa kirarin marigayi Sarkin Fawa nake kaɗa masa. Yana kukan soyayya, ni ina tallan nama."

Boniface ya roƙe shi ya fassara masa, bugu bayan bugu. Nan ya gane ashe shekara da shekaru yana sauraren magana bai sani ba.

Sammani ne ya ce 'ya'yan marigayin ya kamata su ji. Ranar Juma'a da safe suka ɗauki garmaho mai batir zuwa kwata. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe suka kewaye su. Babban ɗan Sarkin Fawan ya sunkuyar da kai har waƙar ta ƙare, sannan ya ce a sake, amma a fara daga inda babansa ya shigo.

Boniface ya rubuta wa kamfanin faifan wasiƙa ko za su isar wa Augustine labari, amsa ba ta zo ba. Sammani ya rasu bayan shekara huɗu, Boniface ya je ta'aziyya ya zauna a tabarma tare da mahauta kwana uku. Da zamanin kaset ya zo ya koma kaset, daga baya idonsa ya yi rauni ya bar gyara. Har ya tsufa, in ya ratsa ta layin masu nama, sai ka ji ana ta gaishe da Bonifas na Sammani.