Mutumin da Yake Riga Mu Shiga Caɓi

Duk safiyar da aka kwana ana ruwa, kafin mai shayi ya hura wuta, Baba Mai Sanda ya naɗe wando har gwiwa, ya saɓi damin sanduna, ya gangara kwarin da ya raba unguwarmu da bakin titi. Yana tafe yana caka doguwar sandarsa. Inda ƙasa ta riƙe, sai ya kafa alama, ya ɗaura mata tsumma. In an sake ruwa hanyar ta sauya, ya koma daga farko.

Mai shayi ya taɓa tsokanarsa: "Baba, taɓo ne fa kawai, kake masa hidima kamar surukinka!"

"Taɓo a takalmi yake tsayawa, ɗana, ka wanke ka wuce," in ji Baba. "Caɓi kuwa ƙasa ce marar gindi. Sama ta bushe, ka taka, ta kama ka har cinya tana ja."

Ungozoma shaida ce. Ranar da naƙuda ta zo wa matar tela da gardama, alamominsa aka bi aka tura ta a baro har titi. Yaron da aka haifa ranar, yanzu ta nan yake zuwa makaranta, bai ma san wanda ke kafa sandunan ba. Abin da ke ci mini rai ke nan. Sai Baba ya gama muke fitowa, ba mai ce masa sannu. Tun rasuwar matarsa, in ya koma ɗaki ya wanke ƙafa, daga shi sai rediyo.

Bana gwiwa ta fara ƙi. Makon jiya mai shayi ya hango shi a tsakiyar kwari, ƙafa ta nutse, yana ta kiciniya. Kafin ya isa wurin, tsohon ya fito da rarrafe, ya ɗauki sanda ta gaba ya kafa.

Baba, kai ne mai taka mugun wuri domin mu taka mai kyau. Mun ci amfaninka ba mu gan ka ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Da mai shayi ya tambaye shi abin da za a yi masa, cewa ya yi, "Mutum ɗaya ya biyo bayana ya ga inda nake takawa. Ba sai ya ɗauki komai ba."

Jama'a, ga hadari can ya haɗu. Gobe da safe Baba zai gangara, kuma har yanzu ba wanda ya ce zai bi shi.