Ba Sakacinki Ba Ne, Dakta Ba-Allura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan jiya, Allah Ya karɓi ranki, Yaya. Mutuwa rigar kowa ce, na sani. Amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Shekara da shekaru muna teburi ɗaya a ɗakin bincike. Maganin da kike aiki a kai irin mai gyara saƙon ƙwayoyin gado ne, ga shi da girman jiki, fata ba ta barinsa ya wuce sai da allura. Kika dubi yaran da cutar fata ta hana sakat, kika ce ba za a ƙara musu da suka ba. Kika duƙufa neman sinadarin da zai sassauta fata, magani ya ratsa kamar man shafawa. Yaran ne suka laƙaba miki Dakta Ba-Allura. Wata daga cikinsu ta taɓa gartsa miki cizo don tsoro, kika yi dariya kika goya ta.

Ke kika koya mini cewa, "Ƙanwata, abin da ya buɗe wa magani ƙofa, zai buɗe wa guba." Shi ya sa ba ki taɓa kwalba sai da safar hannu mai kauri ta musamman. Sai shugaban sashenmu ya sa aka kawo wata mai kama da ita amma marar inganci, aka zuba a tsohon kwali, ba wanda aka gaya wa. Ɗigon sinadari haɗe da guba ya ratsa ta, ya ratsa fatarki, ya gama da hantarki.

Shugaban nan fa ya zo zaman makoki, ya dubi mijinki da 'ya'yanki ya ce, "Allah Ya jiƙanta, akwai ta da gaggawa." Gaggawa? Ke? Tir! Wallahi ya yi ƙarya, kuma Allah Ya isa.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Maigidanta, Allah Ya ba ka haƙuri. Ku kuma 'ya'yana, duk wanda ya ce muku uwarku ta yi sakaci, ku turo shi wurina. Ina tsaye a gefenta ranar da sinadarin ya ɗiga mata.